Kuala Lumpur: Birnin da Ya Zauna a Kan Ramukan Kuza

Sunan Kuala Lumpur kansa bai ɓoye asalin birnin ba. A harshen Malay ma'anarsa mahaɗar ruwa mai laka, wato inda kogin Gombak ya faɗa cikin kogin Klang. A 1857 wani basarake mai suna Raja Abdullah ya tura 'yan China 87 su bi kogin su nemo kuza. Zazzaɓi ya kashe mafi yawansu, amma waɗanda suka biyo sawunsu sun tarar da abin da ake nema a Ampang, kuma daga wannan sansani na mahaƙa birnin ya tashi. Kafin ƙarni na 19 ya ƙare, fiye da rabin kuzar duniya daga Malaya, wato yankin da birnin yake, take fitowa. Wanda ya saba ganin hoton tagwayen benayen Petronas da wuya ya kawo a ransa cewa unguwanni da yawa na babban birnin Malesiya a kan ƙasar da aka tone, aka wanke, aka zubar suke zaune.

Mu Hausawa muna da hannu a wannan labari, ko da ba mu sani ba. Da sojojin Japan suka ƙwace Malaya a farkon 1942, Turawan Ingila suka rasa kuzar da suke yaƙi da ita, sai suka juyo kan tsaunukan Jos. Daga nan aka shiga ɗiban gwamna, aka riƙa kwasar talakawa daga lardunan Arewa ana kai su haƙar kuza ala tilas, cikin sanyin da ba su saba da shi ba, da yawa kuma ba su koma gida ba. A watan Oktoban 1985 farashin kuza ya karye a kasuwar Landan, karayar da ta rufe ramuka a jihohin Selangor da Perak na Malesiya, ta kuma ƙarasa abin da ya rage a Bukuru da Barikin Ladi. Kamfanoni suka naɗe kayansu nan da can. Abin da suka bari iri ɗaya ne: tudun rairayi, filin taɓo, da tafkuna masu zurfi. A Malesiya kaɗai ƙasar da haƙar kuza ta lalata ta haura hekta dubu ɗari.

Abin da ya sa na ɗauko wannan zance shi ne, masu zanen gine-gine da masu tsara birane a duniya sun daɗe suna gardama kan yadda gini zai warkar da ƙasar da masana'antu suka gurɓata, kuma Kuala Lumpur na cikin biranen da ake yawan nunawa a ce ga misali. Misalin na gaske ne, amma rabinsa kawai ake faɗi. Birnin ya ƙware wajen mayar da tabo abin kallo. Sauran rabin, wato tabbatar da cewa gubar ta fita ko an killace ta har abada, shi ne inda aikin yake da saura, kuma shi ne rabin da ya fi shafar mu.

A fara da abin yabo. Tafkunan Titiwangsa, inda mutanen birni ke zuwa motsa jiki da yamma, tsofaffin ramukan kuza ne. Haka babban tafkin da ke lambun Kepong. A kudu maso yammacin birnin, Jeffrey Cheah, wanda ya fara da ƙaramin kamfanin kuza a 1974, ya mayar da wajen eka 800 na kufan ma'adinai gari sukutum, Bandar Sunway, mai jami'a da asibiti da kasuwa, aka kuma dasa wurin wasan ruwa a can ƙasan ramin a farkon shekarun 1990. A Seri Kembangan, ramin Hong Fatt, wanda a da ake ƙirga shi mafi girman buɗaɗɗen ramin kuza a duniya, ya zama tafki da otal da gidaje da filin wasan golf. Masu zanen ba su yi faɗa da ramin ba. Maimakon su kashe dukiya wajen cike shi, sai suka bar shi ya riƙe ruwan sama, suka jera gine-gine a gefensa. A birnin da ruwa ke sauka kamar da bakin ƙwarya kusan duk shekara, tafki a tsakiyar unguwa rigakafin ambaliya ne. Wannan dabara ce mai kyau, kuma ina ganin duk wanda ya san yadda aka cike kududdufan Kano da shara aka yi gini a kai, sannan ruwa ya rasa inda za shi ya shiga ɗakunan mutane, zai gane darajarta.

To amma ƙasar da aka haƙi kuza ba rami ne kawai ba. Ana wanke ƙasa da ruwa ne a tace kuzar, abin da ya rage ya kasu biyu. Rairayin ba ya riƙe ruwa ko taki, rana ta buga shi ya yi zafin da tsiro ba ya jurewa. Taɓon kuwa laushinsa ya kai ya shekara da shekaru bai bushe ba, in an ɗora masa nauyi sai ya riƙa lotsawa sannu a hankali, bango ya tsage, daɓe ya rabu da tushe. A ƙarƙashin wani babban ɓangare na birnin kuma akwai dutsen farar ƙasa mai cike da koguna da ramuka, shi ya sa injiniyoyin Kuala Lumpur suka zama gwanayen kafa turaku masu zurfi. Wannan matsalar an iya ta, domin gini in ya tsage kowa na gani, mai gida kuma zai kai ƙara.

Wadda ido ba ya gani ita ce ta fi wuya. A cikin tarkacen ma'adinai akan samu asinik da dalma da wasu ƙarafa masu guba, waɗanda ke shiga kayan lambu da kifin da aka kiwata a tafkin. Akwai kuma baƙin yashi mai nauyi da ke saura bayan an tace kuza, wanda a can suke kira amang. A cikinsa akwai toriyam, ƙarfe mai fitar da tururin nukiliya. Mutanen Filato sun san wannan yashi, har akwai masu ɗibarsa suna yaɓen ɗaki da shi.

Mutanen Bukit Merah, kusa da Ipoh, wajen kilomita 200 arewa da Kuala Lumpur, su suka ɗanɗani kuɗar wannan yashi. A 1982 kamfanin Asian Rare Earth, wanda Mitsubishi na Japan ke da babban kaso a cikinsa, ya fara tace ma'adinai daga tarkacen kuza a gefen garinsu. Mazauna suka fara ƙorafin zubar da shara mai tururi a fili, likitoci suka ba da rahoton sankarar jini a tsakanin yara da haihuwar jarirai masu naƙasa. Aka shiga kotu. A 1992 babbar kotun Ipoh ta ce a rufe masana'antar, kotun ƙoli ta soke hukuncin a shekarar da ta biyo, kamfanin ya rufe da kansa a 1994 ba tare da ya amsa laifi ba. Kwashe sharar da rushe masana'antar da binne su cikin tsaunin Kledang ya ci kusan dala miliyan 100, ya kuma ɗauki shekaru masu yawa. Ginin da aka yi a wurin babu mai zuwa ɗaukar hotonsa. Kabari ne na siminti da yumɓu, aikinsa kawai ya hana ruwa shiga, ya hana guba fita. A ganina, in ana maganar ginin da ke warkar da ƙasa, wannan kabari ya fi kowane otal na bakin tafki cancantar a fara ambatonsa.

Nan ne nake da ja da yadda ake koyar da wannan fanni da yadda ake tallata shi. Zanen da ake nunawa a gasa kullum kore ne shar: gada ta katako a kan ruwa, yara na gudu, tsuntsaye na shawagi. Alhali aikin na ainihi a ƙarƙashin ƙafa yake, kuma hanyoyinsa ba su da yawa. Ko dai a kwashe gurɓatacciyar ƙasar a kai ta wurin da aka tanada, a kawo sabuwa. Ko a wanke ta da inji. Ko a bar ta inda take a rufe ta da yumɓu da leda mai kauri, a ɗora ƙasa mai tsabta a kai, a haƙa rijiyoyin gwaji a kewaye ana auna ruwan ƙasa lokaci lokaci. In tsohon juji ne, sai an saka bututun da zai fitar da iskar gas da ruɓaɓɓiyar shara ke haifarwa, in ba haka ba ta taru a ƙarƙashin ɗaki. Kowace hanya aka zaɓa, ita ce za ta faɗa wa mai zane inda zai kafa tushe, inda ba a yarda a haƙa rijiya ba, inda bishiya mai dogon saiwa za ta huda murfin, inda za a iya ajiye motoci amma ba za a iya gina makarantar yara ba. Mai zanen da aka kira bayan an gama yanke waɗannan shawarwari, mai kwalliya ne kawai. Wanda kuma ya zana lambu ba tare da ya ga sakamakon gwajin ƙasa ba, abin da ya miƙa wa jama'a kyan ɗan maciji ne.

Ana yawan ambaton tsirrai masu zuƙe guba, kuma gaskiya ne suna yi. Jema, wadda muke saƙa zana da ita, danginta na cikin ciyayin da aka fi amfani da su a duniya wajen riƙe ƙasa da tace ruwa. Kachalla da kainuwa ma suna tsotse ƙazanta daga ruwa. Sai dai ƙarfe ba ya narkewa ya ɓace. Ya bar ƙasa ne ya koma cikin ganye, don haka dole a yanke ciyawar a killace ta. A garuruwanmu, inda duk ciyawar da ta yi kore akwai mai lauje da ke jiranta don tumakinsa, wannan magana ba ƙarama ba ce. Wanda ya dasa irin wannan lambu kusa da majemun Sharada a Kano bai yi tanadin mai gadi da shinge ba, ya ɗauko kuromiyam daga kwata ya kai shi cikin tukunyar miya.

Misalin da ya fi burge ni a Kuala Lumpur ba shi da bene ko ɗaya mai tsawo. A Kepong, a gefen birnin ta arewa maso yamma, akwai dajin Cibiyar Binciken Gandun Daji ta Malesiya, wadda aka fi sani da FRIM. A shekarun 1920 wurin fili ne da haƙar kuza da noman kayan lambu suka tsotse. Masana gandun daji, ƙarƙashin jagorancin F. W. Foxworthy, suka fara dasa itatuwa, suna gwada wanda zai jure da wanda zai mutu, suna fara da masu saurin girma don su yi wa masu jinkiri inuwa. Yau hekta fiye da 500 ne na kurmi mai duhu, wanda baƙo zai rantse tun fil azal yake nan. A watan Yulin 2025 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya. Shekara kusan ɗari aka yi ana wannan aiki, mulkin mallaka ya wuce, mamayar Japan ta wuce, gwamnatoci sun zo sun tafi, ba a yanka filin an raba ba. Ana cewa mai haƙuri yakan dafa dutse. Ni abin da na gani a Kepong haƙuri ne da aka yi wa hukuma, da kasafin kuɗi, da littafin da ake rubuta abin da aka dasa da abin da ya faru da shi. Haƙurin mutum ɗaya ba ya kai shekara ɗari.

A Pantai Dalam kuma an yi wani abu da ya dace a yi nazarinsa. Wurin a da tafkunan tara ƙazantar bayan gida ne a buɗe, warinsu ya addabi unguwa. Aka gina sabuwar matatar Pantai 2 a ƙarƙashin ƙasa, mai iya ɗaukar ƙazantar mutum kusan miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu, aka shimfiɗa lambu da filayen wasanni a kan rufinta. A nan ginin da kansa ne ke aikin tsabtacewa dare da rana, lambun kuma ladan unguwar da ta daɗe tana shaƙar wari.

Sai a kwatanta da shirin da aka yi wa laƙabi da Kogin Rayuwa, wanda aka ƙaddamar a 2011 da kasafin kusan ringit biliyan 4.4. Manufarsa a tsabtace kilomita 110 na kogin Klang da rassansa har ruwan ya kai matsayin da mutum zai iya taɓa shi ba tare da fargaba ba, a kuma ƙawata kilomita 10.7 a tsakiyar birni. Ƙawatawar ta fito. A gaban Masallacin Jamek, wanda aka gina a 1909 daidai mahaɗar kogunan biyu, an saka fitilu masu launin shuɗi da na'urar fesa hazo, masu yawon buɗe ido na tururuwa da daddare. Ruwan kuwa bai kai inda aka yi alkawari ba, kuma rahoton babban mai binciken kuɗi na ƙasar a 2024 ya nuna cewa shirin ya yi jinkiri, bai kuma cim ma burinsa ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kogi yana karɓar abin da aka zuba masa tun daga sama: maiƙon gidajen abinci, ruwan kasuwanni, baƙin man garejoji, tsatsar tsofaffin jujuna irin na Taman Beringin da ke Jinjang, wanda aka rufe a tsakiyar shekarun 2000 aka koma kai shara Bukit Tagar. Fitila ana kunna ta rana ɗaya a yi biki. Bin dubban magudanan ruwa ɗaya bayan ɗaya ana toshe ɓarna kuwa aiki ne da ba ya ƙarewa, ba kuma a yanka masa ƙyalle.

Akwai tambayar da ba a cika yi ba: wa ya ci moriyar gyaran? Kufan ma'adinai a Kuala Lumpur ba su taɓa zama babu kowa ba. Talakawan da suka kwararo birni su suka kafa bukkoki a kansu, suna noman ganye, suna kiwon kifi da agwagi a tafkunan, suna shan duk abin da ke cikin ƙasar. Da filin ya yi daraja, da yawa an kwashe su zuwa dogayen gidajen gwamnati masu ƙananan ɗakuna, bakin tafkin ya koma na mai iya saye. A Sentul, tsohuwar unguwar ma'aikatan jirgin ƙasa, akasarinsu 'yan asalin Indiya, inda aka kafa manyan ma'aikatun gyaran jirage tun farkon ƙarni na 20, an adana tsofaffin gine-ginen jan bulo, an mayar da ɗaya cibiyar wasan kwaikwayo ta KLPac a 2005, mai tsara lambuna Ng Seksan kuma ya yi aiki mai kyau ƙwarai a wurin. Amma babban ɓangaren lambun na masu gidajen da ke kewaye da shi ne. Ba na ƙin ɗan kasuwa ya ci riba, domin in ba da kuɗinsa ba da yawancin ramukan nan suna nan yadda aka bar su. Abin da nake cewa, in aka bar wa kasuwa zaɓi, za ta gyara ramin da ke kusa da babbar hanya, ta bar wanda ke bayan gidan talaka, ko da na bayan gidan talakan ya fi guba. A Duisburg ta Jamus, da aka rufe masana'antar ƙarfe a 1985, hukuma ce ta ɗauki filin, mai tsara lambuna Peter Latz ya tsara shi, aka killace ƙasa mafi guba a cikin tsofaffin rumbunan siminti, aka bar manyan tanderun a tsaye don kada a manta, aka buɗe wa kowa kyauta.

Ta fuskar doka ma akwai gibi. Malesiya na da dokar kare muhalli tun 1974, kuma a 2009 ma'aikatar muhalli ta fitar da ƙa'idojin kula da gurɓatacciyar ƙasa. Ƙa'idoji jagora ne, ba su kai ƙarfin dokar da majalisa ta zartar ba. In ƙasar da ta yi nisa haka tana da wannan rauni, mu sai mu duba namu da idon basira.

Domin namu yana nan jibge. Ruwan majemu na Challawa da Sharada da Bompai, mai ɗauke da kuromiyam, ya shekara da shekaru yana bin rafuka, na Bompai ya bi Getsi ya haɗu da Jakara, ana ban ruwan latas da kabeji da shi a hanya kafin ya isa dam ɗin Wasai. A Kakuri, masaƙun Kaduna da suka mutu suna tsaye, kuma ƙasar da ta sha rini da sinadarai shekaru da dama wata rana za a yanka ta fuloti. A Filato tafkunan kuza na cin rayuka da dabbobi. A Akokan kusa da Arlit a Nijar, kamfanin COMINAK ya rufe a watan Maris na 2021 ya bar tarkacen yuraniyom kusan tan miliyan 20, wanda aka tsara rufewa da yumɓu da duwatsu masu kaurin mita biyu.

Kuma ba za mu ce ba mu taɓa yin irin wannan aiki ba. A 2010, da gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Zamfara, irin su Dareta da Yargalma da Abare, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sun tsaya kan cewa maganin fitar da dalma daga jini ba shi da amfani in yaro zai koma rarrafe a tsakar gidan da ya ɗauko ta. Sai da aka bi gida gida, tare da ƙwararrun kamfanin TerraGraphics da ma'aikatan jiha da samarin ƙauyukan, aka kankare saman ƙasa da fartanya da shebur, aka zuba a buhuna aka binne a ramin da aka tanada, aka shimfiɗa sabuwar ƙasa. Bagega sai a 2013 aka yi mata, bayan dogon jiran kuɗi daga Abuja, yara na ta shan wahala a tsakani. Wannan shi ne ilimin da aka kashe kusan dala miliyan 100 aka koya a Bukit Merah, kuma yana hannun mutanenmu.

Saboda haka kirana ga sassan koyar da zanen gine-gine da tsara birane a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero da Jami'ar Jos shi ne su fitar da ɗalibansu daga ɗakin zane su kai su Kakuri da Sharada da Bukuru, tare da ɗaliban kimiyyar ƙasa da na sinadarai, a ɗebi ƙasa da ruwa a auna, a zana taswirar abin da ke ƙasa kafin a zana abin da zai hau sama. Hukumomin filaye na Kano da Kaduna da Filato kuma su buɗe rajistar duk filin da masana'anta ko juji ko ramin ma'adinai ya taɓa zama a kai, wadda kowa zai iya dubawa kafin ya sayi fuloti, kuma kada a ba da izinin gina gida ko makaranta ko haƙa rijiya a irin wannan fili sai an ga takardar gwajin ƙasarsa.